Idon Mairama da Duwatsun Kwande

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan matana.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ko mai zaƙi ko mai ɗaci.

To ku matso. Ta yau mai ɗaci ce.

Mairama tana zaune a gaban mota, kyanwa a cinyarta, inji yana ruri, sai ta ji mijinta ya taka birki tun ba su bar ƙofar gida ba. Ta ɗaga kai. Abin da idonta ya kamo wani baƙin dunƙule ne a ƙasa, daidai gaban taya. Sai da dunƙulen ya yi magana ta gane Yaya Gaji ce, yayar mijinta, ta zauna dirshan a tsakiyar hanya.

"Taka ni, Hamani. Taka ni ka wuce."

Hamani ya kashe inji ya sauka. Ya durƙusa gabanta, mutum da furfurarsa, yana tuna mata cewa jiya ya je har ɗakinta ya yi mata sallama, ta kuma sa masa albarka.

Gaji ta ce ita kaɗai ce danginsa? Ta ce tun da aka kafa gidansu ba a taɓa yin ɗan da ya bar ƙasa bai zagaya ya nemi gafarar manya ba. Ga Gwaggo Kubura a Dole Kaina. Ga Kawu Namadi a Geza, wanda ya yanka ragon sunansa. Ta ce in mace ta juya masa kai har zai kwana a bayan mota da tunkiya kamar mai gudun haraji, to wannan tsakaninsa da Allah, amma sallama dole ce.

Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko.

Hamani ya dawo ya leƙo ta taga, ya rage murya.

"'Yar Dutse... kwana biyu kawai. Mu yi masu sallama mu wuce."

Mairama ta dubi fuskarsa. A lokacin tana iya ganinta, in ya matso kusa. Akwai maganar da ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta.

"To, Direba."

Wannan "to" ɗin, 'yan matana, ita ta cinye komai.

Bari in koma da ku baya, ku san su wane ne waɗannan tsofaffi da mota.

Mairama ɗiyar Dandawa ce, fatake masu safarar goro. An haife ta a zangon Kwande, cikin ƙasar Dahome, a gindin duwatsu. Can uwarta ta rasu. Aka ɗoro ta a jaki aka kawo ta Illo tun ba ta yi famfara ba. Ba ta tuna fuskar uwar, ba ta tuna muryarta. Abu ɗaya ya zauna mata: hannun uwarta yana nuna mata wani bango na dutse da ya tokare sama, ruwa yana zubowa a jikinsa kamar farin zare. A ƙasarmu ta bakin Kwara kuwa, in ka hau suri ka gama ganin duniya.

Da ta zama budurwa tana sayar da kifi banda a kasuwar Illo, mutum biyu suka fito nemanta. Ɗanmaliki ɗan kasuwa ne, ya zo da atamfa da turare. Hamani kuwa karen mota ne a lokacin, wandonsa duk baƙin mai. Ba shi da abin bayarwa sai kunne. Ya kan zauna gefen farantinta tana ba shi labarin dutsen nan, labarin da kowa ya gaji da ji. Rannan ya ce mata zai koyi tuƙi, kuma da hannunsa zai kai ta ta sake ganinsa.

Shi ta zaɓa. Ɗanmaliki ya zo ɗaurin aure, ya ci goro, ya yi murmushi, bai manta ba.

Hamani ya zama direban gwamnati, ya kawo ta Bagudo. Ya tsufa a kan sitiyari yana kai Turawa rangadi, kullum alkawari na nan, kullum sai baɗi. Allah bai ba su haihuwa ba. Dangi sun yi magana har bakinsu ya gaji, shi ko a jikinsa. Abin da ya cika masu gida shi ne tunkiyarsu Balaraba, wadda uwarta ta mutu Mairama ta raine ta da madara a cokali, da kyanwa Gimbiya, da wani aku mai baƙin surutu da Hamani ya laƙaba wa Karen Mota. Ita ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Direba. Shi kuma 'Yar Dutse, ko a gaban wa.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, a shekarar ya ajiye aiki. Turawa na ta gwanjon kayansu. Ya kwashi kuɗin sallamarsa ya sayi wata tsohuwar babbar mota. Ya taɓa ganin wani Bature mai awon hanya yana kwana a cikin motarsa, abin ya zauna masa a rai. Shi da kafinta suka kafa ɗaki a bayanta, na katako da kwano. Gado, risho, randa ɗaure da igiya, ɗan garke na Balaraba, ƙugiyar rataye kejin aku. Sai taga. Tagar nan ya sa aka yi ta da faɗi har kafinta ya ce wannan ai ƙofa ce.

Ya ce ta 'Yar Dutse ce, ba ya son komai ya tare mata.

Abin da bai sani ba, ko abin da ta ɗauka bai sani ba, shi ne idonta na hagu ya riga ya tafi. Irin makantar nan ta mutanen bakin kogi, mai zuwa a hankali. Na daman ma ganinsa sai tsukewa yake yi, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. Disfensa ya duba ya ce ba shi da maganinsa. Da ta dawo gida, abin da ta gaya wa mijinta shi ne ido na ɗan yi mata dishi-dishi.

Za ku ce don me ba ta faɗa ba, ranar da Gaji ta zauna a hanya?

Ku ba ku san zamanin ba. Mace mai kunya ba ta janye namiji daga danginsa. Balle wadda ba ta ajiye masu ɗa ko ɗaya ba. Da ta buɗe baki ta ce mu tafi, da har ta mutu ana faɗi.

Suka nufi Dole Kaina.

Sallama kuwa tana da tsarinta. Ba a yin ta ranar da aka iso, wannan raini ne. Sai an sauke ka, an yanka maka kaza, ka ci. Washegari ka ce za ka yi magana, a ce ai ba ka huta ba. In ranar ta zo, ka cire hula ka durƙusa, ka ce tafiya ta kama ka, rai a hannun Allah yake, abin da ka yi da sani da wanda ba ka sani ba a yafe maka. Babba ya yafe, shi ma ya nemi taka, a yi fatiha. Kana miƙewa sai ya ce, "Ka je wurin wane kuwa?"

Kuma ko da yaushe akwai wane.

Gwaggo Kubura ta riƙe su har aka ga watan azumi. Ta ce wa ke barin ƙasa da bakin azumi? Aka sha ruwa, aka yi sallah. Daga nan ta tuna masa da wani ɗan wan kakansa a wata tungar masunta, shi kuma ya tuna masa da wata da ta shayar da shi. Motar nan ta hau jirgin fito ta sauka, ta hau ta sauka, har masu fiton suka san sunan tunkiya. Duk garin da suka shiga, yara su yi ta bin ɗaki mai taya, manya kuma su ce Allah ne ya kawo mota. A kai amarya. A kwaso gero. A kai mai naƙuda. Hamani bai iya cewa a'a ba. Man da ya tara a duro don hanyar Kwande yana ta raguwa a kan hanyoyin da ba su ba ne.

Abin da ya ɗaure wa Mairama kai, ko'ina suka isa sai su tarar an san da zuwansu, an kuma san wanda ba su je wa ba tukuna.

Duk da haka akwai ranakun daɗi, kada in yi masu ƙarya. Da la'asar ya kan tsaya a bakin fadama, ya saki Balaraba ta yi kiwo, ya hura risho da kansa ya dafa masu shayi. Aku ya yi ta kwaikwayon hon, kyanwa ta kwanta a kan murfin inji don ɗumi. Ya ce mata, "Saura kaɗan, abar ƙaunata." Ita kuma ta kafa ido a kan itacen da ke nesa, tana gwadawa ko yau ma tana ganinsa.

Jiya tana ganin rassa. Yau sai inuwa.

Zafi ya yi tsanani lokacin da suka gama da Kawu Namadi a Geza suka isa Illo. Nan ce tasha ta ƙarshe. Daga Illo sai iyaka.

Rannan da hantsi Hamani ya shiga gari gaisuwa, tana zaune a inuwar mota tana ba Balaraba dusa, sai ta ji sallama. Shekaru sun yi yawa, amma ta gane muryar. Ɗanmaliki ne, ya yi ƙiba, yana ƙamshin turaren nan dai. Suka gaisa a mutunce. Ya yaba mota, ya ƙwanƙwasa taya, ya ce abin tausayi ne a ce ƙarfe irin wannan yana ɗaukar kyanwa, ga gishiri da kifi da goro suna jiran mai kai su kasuwar Malanbil. Ya ce ya yi wa Hamani tayi har sau nawa, ya ƙi.

Sai ya miƙo mata goro.

Ta miƙa hannu. Hannun ya kama iska, goron yana can gefen hagu.

Ɗanmaliki ya bi hannun da kallo.

"Ashe abin ya kai haka, Mairama."

"Mi ya kai?"

"Ba komai." Ya sa mata goron a tafin hannu, ya naɗe mata yatsu a kansa. "Na so a ce kun yi sauri. Amma zumunci ba a yi mai gaggawa. Ni kaina da na ga Hamani zai manta da manya, hawa keke na yi gari gari ina tuna masu."

Nan ta gane wanda ke riga su isa.

Ya ce damina na bisa hanya. In ruwa ya sauka Faransawa ba su barin babbar mota ta taka hanyarsu, kuma in ido ya rufe, dutse da bango duk ɗaya ne. Ya ce ta lallashi mijinta ya sayar tun motar na da daraja. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo.

"Da ni kika zaɓa, da tuni kin ga dutsen nan, ko a bayan jaki."

"Da kai na zaɓa, da ban yi marmarin ganin komai ba."

Ta jefa wa tunkiya goron.

Ranar ta ƙudura za ta gaya wa mijinta komai, kunya ko ba kunya. Ta zauna tana jera maganar a ranta. Sai ga shi ya dawo, tafiyarsa ba irin ta kullum ba. Ya zauna a matakalar mota ya cire hula. Kawu Namadi ya rasu, yanzu ɗan aike ya iso daga Geza.

Hamani ya ce sun riga sun yi sallama da marigayin, sun yafi juna, ba wanda zai ce bai sauke nauyi ba. Ga iyaka nan, kafin azahar sun haye. Amma kuma shi ne babban namiji da ya rage a gidan.

"'Yar Dutse... mu wuce, ko mu koma?"

Ku ji abin da ya faru, don nan ne wurin. Shi so yake ta ce mu wuce, ya sami abin riƙewa. Ita so take ya tayar da mota bai tambaye ta ba. Kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa, ba wanda ya karɓa. Ta yaya za ta ce da mutum ya bar makokin wanda ya yanka ragon sunansa don ta je kallon dutse?

"Mu koma, Direba. Dutse ba ya tahiya ko'ina."

Suka koma.

A zaman makokin nan ne wata tsohuwa ta lura da yadda take laluben ƙwarya. Ta ja ta gefe, da kyakkyawar niyya, ta ce gani kamar kananzir ne a fitila, iya kunnawarka iya ƙarewarsa. In tana son ya kai ta inda za ta, ta rufe shi ta adana. Mairama ta yarda. Ta yagi baƙin ƙyalle ta ɗaure idanunta, ta ce wa mutane ciwon kai ne, haske ke tayar mata da shi.

Haka ta zauna a cikin ɗakin mota. Aka yi sadaka, aka zauna rabon gona, aka yi rigima, aka sasanta, duk sai da Hamani. Babbar sallah ta riske su a nan. Gaji, da ta zo makokin, ta ce tun da Allah ya hore tunkiya mai ƙiba, ai an huta da neman abin layya. Mairama ta kwana biyu hannunta na riƙe da igiyar Balaraba, har Hamani ya sayo rago.

Kullum zai shigo ya zauna bakin gado, ya ce ta kwance ƙyallen nan ko sau ɗaya ya ga idonta.

Ta ce sai Kwande.

Ranar da suka bar Geza, hadari ya haɗu a gabas.

Sun isa iyaka wajen Lolo ƙasa na ƙamshin ruwan fari. Can ma sabuwar tuta ce ke kaɗawa, amma doka tana nan yadda aka bar ta. Jandarma ya gitta gungumen giginya a hanya. Ya ce in an yi ruwa, babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta bushe. Hamani ya yi roƙo da Hausa, ya yi da Dandanci. Mutumin ya ce ba shi ya yi dokar ba.

Suka fake a gindin wata tsamiya. Ƙasa ta fara bushewa, ruwa ya sake sauka. Ta fara bushewa, ya sake sauka. Gero ya tsiro a gonakin da ke gefensu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Rufin kwano ya fara yoyo daidai kan gado.

Wata safiya Hamani ya dawo daga wurin shingen da saurinsa, yana kiranta tun daga nesa. An ce yau za a ɗaga gungume. Mairama ta tashi zaune. Ta ce bari ta ɗan gwada abin da ta adana, ko kallo ɗaya ne, ta mayar. Ta kwance ƙyallen a hankali. Ta buɗe ido.

"Direba, buɗe mani taga."

Yana tsaye a bakin ƙofa. Rana ta shigo ta tagar nan mai faɗi ta kwanta a kan fuskarta.

"Direba?"

"A buɗe take, Mairama."

Ta murza idon. Ta juya dama, ta juya hagu. Ta ɗaga tafin hannunta ta kawo shi har ya taɓa hancinta. Sannan ta sauke shi a cinya, ta zauna kamar baƙuwa a gidan mutane.

Shi ne ya fara kuka. Ya ce don me ba ta faɗa masa ba? Kalma ɗaya, da ya bi ta kan kowa ya wuce.

"Kai da ke jin ciwon inji tun bai tsaya ba," in ji ta, "matarka na zuba ruwa a gefen randa wata da watanni, ba ka ji ba?"

Sannan ya faɗi abin da ya fi makantar ciwo. Ya ce ya gani. Tun a Dole Kaina ya ga tana bin igiyar Balaraba maimakon ta ja ta. Ya ga tana ƙirga matakala da ƙafa. Ya yi shiru don kada ya kunyata ta, tun da ta ɓoye. Ya yi shiru kuma don in ya furta, abin ya tabbata.

"Ka sani... kuma ka tambaye ni mu wuce ko mu koma."



Ta ce ba dutsen ne ma ke cin ranta a yanzu ba. Ta rufe idonta tana tara wa dutse gani, ashe ganin zuba yake ta ƙasa. Ga shi abin da ta yi wa kallon ƙarshe a duniya tukunyar makoki ce a tsakar gidan Geza. Yana shigowa kullum yana roƙon ta dube shi, tana cewa sai Kwande.

"Ban ko dubi fuskarka ba, Direba."

Daga nan ba ta ƙara yi masa magana ba.

Kafin azahar sai ga keke. Ɗanmaliki ne, da saƙon Gaji, wai su dawo gida haka nan, abin ya isa. Ya leƙa ya ga yadda take zaune, ya yi salati, ya yi jaje kamar da gaske. Sannan ya ce wa Hamani tayinsa na nan, har zai sa a mayar da su Bagudo da dabbobinsu. Daga cikin ɗaki Mairama ta ce a sayar masa. Ba da mijinta ta yi maganar ba, da bango ta yi.

Hamani ya dubi Ɗanmaliki ya daɗe. Ya ɗauko ƙarfen tayar da inji, ya zura, ya murɗa. Ɗanmaliki ya ja kekensa gefe. Aka ɗaga gungume.

Tafiyar da aka yi shekara da shekaru ana mafarkinta, a shiru aka yi ta. Suka wuce Kandi. Mota ta kafe a laka, mutanen ƙauye suka turo ta. Ya dafa abinci ya sa mata a hannu, ta ci kaɗan ta ajiye. Ya kan fara cewa ga kaza a gefen hanya, sai ya tuna, ya haɗiye. Aku ma ya rage surutu. Kyanwa kaɗai ke ratsawa daga cinyarta zuwa tasa.

Wata la'asar mota ta fara nishi tana hawa. Iska ta canza, ta yi sanyi, tana ƙamshin jiƙaƙƙen dutse. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin motar, ta yi tsalle, ta tsaya. Hamani bai ko sauka ya duba ba.

Mairama ta ɗaga kai. Daga nesa ana jin zubar ruwa.

"Mun iso?"

"Mun iso."

Ya sauko da ita. Ya tambayi masu wucewa ina zangon fatake, aka ce an daɗe da tashinsa, wurin ya zama gonar doya. Kaburbura kuwa ba wanda ya san inda suke. Ya ja hannunta har gindin dutsen ya ɗora tafinta a kai. Ta shafa. Ta ce dutse ne kawai, irin wanda ake niƙa a kansa.

Suka tsaya. Balaraba na cin ciyawa a gefensu.

"To hwaɗa mani. Mi kake gani?"

Ya ɗaga kai. Abin ya fi ƙarfin bakinsa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana kallon abin da ke gaban taya. Ya yi ta neman kalma, can ya ce yana da tsawo. Ya ce akwai wata hanya da ta hau ta gefe, amma ba ta da kyau, duk tsakuwa ce, za ta ci taya.

Dariya ta kuɓuce mata. Ta yi ta yi har ta dafa dutsen, har dariyar ta juye ta zama abin da ya daɗe yana jiran fita. Ta sulale ta zauna a ƙasa tana kuka irin na yarinyar da aka ɗora a jaki.

Da ta lafa, ta share fuska da bakin zane.

"Mun zagaye ƙasa kana neman gafarar mutane. Har wadda ta ba ka nono sau ɗaya ka durƙusa mata. Ni ba ka nemi tawa ba."

Hamani ya cire hula. Ta ji ƙarar gwiwoyinsa a kan tsakuwa. Ya faɗe ta yadda ake faɗi, bai rage komai ba: rai a hannun Allah yake, abin da ya yi mata da sani, da wanda bai sani ba, ta yafe masa. Muryarsa ta karye a wurin "da sani".

Ta lalubo kansa. Ta bi goshinsa da yatsu, ta bi kuncinsa, ta tsaya a gemu.

"Na yahe maka. Kai ma ka yahe mani 'to' ɗin da na yi ta ce maka."

"Na yahe, 'Yar Dutse."

"Amma ba yau zan bar kuka ba."

"Ba ni hana ki."

Suka shafa fatiha su biyu, ba mai cewa ka je wurin wane.

Motar ba ta sake tashi ba, a cikinta suka zauna a gindin dutsen. Hamani ya rasu a damina ta biyu, aka binne shi a Kwande. Fataken goro suka mayar da Mairama Illo tare da Balaraba, ta rayu shekaru a ɗakin wata ɗiyar ƙaninta, ba ta ƙara gani ba. Gimbiya ta shiga duwatsu ba ta dawo ba. Aku ya zauna wurin Atika, matar da ke kawo masu ruwa a can. Gaji ta rasu kafin labarin ƙanenta ya iso Bagudo. Ɗanmaliki ya sayi wata motar a wani wurin, ya yi arziki, ya mutu da tsufa a gidansa.